KOWACE FARA DA SUNANTA



Idan kaka ta wuce, ɗari ya shigo, duk wanda ya ratsa kasuwar Katako ta birnin Yamai zai ga buhunan fara jere. Katako kasuwa ce ta komi da komi. Akwai masu katako da ƙarfe, akwai maƙera masu zuba tukwane, akwai masu hatsi. Masu fara ma suna da wurinsu. Motoci ne ke kawo ta daga ƙauyuka, musamman daga wajen Maraɗi da Damagaram da Tawa. Mata su saya tiya-tiya, su soya da mai da yaji, su kai bakin lakwal da tashar mota.

Ga mai saye, fara ce kawai. Amma a tambayi macen da ta tashi da asuba cikin sanyi ta kamo ta. Za ta faɗi wadda ke da mai, da wadda ke da ƙwai, da wadda ke ɗaci, da wadda ko kaza ba ta so. Kowace da sunanta. A shekarar 1980 wata Bafaranshiya mai bincike, Anne Luxereau, ta buga takarda a kan sunayen fari da ta tattara a bakin Hausawan ƙasar Maraɗi. Abin da iyayenmu suka daɗe da sani, shi ta rubuta wa masana.

Sai dai suna yana sakewa daga gari zuwa gari. Fara guda tana da suna a Tasawa, tana da wani a Filinge. Bazabarme da nasa, Buzu da nasa, Bafillace da Babarbare ma haka. Cikin hira wannan ba komi ba ne. Amma ranar da fara ta sauka gona, aka aika gidan gona neman taimako, dole a san wace iri ce. Wata za ta ci ganye kaɗan ta wuce. Wata kuwa za ta bar ƙasa guda da yunwa. Shi ya sa masana suka yi wa kowace suna ɗaya tak, wanda duk duniya ta yarda da shi.

Yadda masana ke raɗa suna

Wani malami ɗan ƙasar Suwidin, mai suna Line, shi ya kafa wannan tsari. A littafinsa na shekarar 1758 ya ba kowace dabba suna biyu, cikin harshen Latin, tsohon harshen Rumawa. Na farko sunan gida ne. Na biyu sunan yanka ne.

Abin ya yi kama da zaman mutane. Mutum yana cikin gida. Gidaje da yawa su haɗu su zama dangi. Dangogi su haɗu su zama ƙabila. To, haka ƙwari suke wurin masana. Iri-iri masu kama da juna sosai ana sa su gida ɗaya. Gidajen da kakansu ɗaya ne ana sa su dangi ɗaya. Fara da babe da gyare duka ƙabilarsu ɗaya, sunanta Orthoptera, wato masu miƙaƙƙen fiffike. Alamar ƙabilar kowa ya san ta: manyan cinyoyin baya na tsalle, da baki mai tauna. An ƙidaya iri fiye da dubu 28 cikin wannan ƙabila, kuma kowace shekara ana samun sababbi.

Sunayen Latin suna da wuyar faɗi. Ba sai kun haddace su ba. Mun rubuta su ne don in kun gan su cikin takardar malamin gona, kada su zama muku baƙi.

A fara duba ƙaho

Kowane ɗan wannan ƙabila yana da siraran gashi biyu bisa kai. Da su yake shinshina, da su yake lalube. Bari mu kira su ƙaho. Ƙahon nan shi ya raba ƙabilar biyu.

Ɓangare na farko, masu gajeren ƙaho. Ƙahonsu bai kai rabin jiki ba. Nan fara take, da babe, da farar ɗango, da farar tumfafiya. Yawancinsu da rana suke kiwo, ganye da tsaba suke ci. Macen tana cusa ƙarshen cikinta cikin ƙasa, ta zuba ƙwai a dunƙule, ta toshe ramin da kumfa.

Ɓangare na biyu, masu dogon ƙaho, siriri kamar zare, wani lokaci ya fi jikin tsawo. Nan gyare yake, da koren ƙwaron nan mai kama da ganye da ke zuwa wurin fitila da damana. Su ƴan dare ne. Macen yawancinsu tana da wani abu a baya kamar allura ko takobi. Yara suna tsoronsa, suna zaton harbi take yi da shi. Ba ta harbi. Da shi take dasa ƙwai ɗaya-ɗaya.

Ga wani abin mamaki. Kunnen waɗannan ƙwari ba a kai yake ba. Ku ɗauki fara ɗaya daga cikin tiya, ku ɗaga fiffikenta. A gefen ciki, daidai saman cinyar baya, za ku ga wata ƴar fata zagaye kamar fatar ganga. Kunnenta ke nan. Shi kuwa gyare, kunnensa yana ƙafar gaba, ƙasa da gwiwa kaɗan. Kukan ma ba da baki suke yi ba. Gyare yana goga fiffikensa na dama da na hagu, kamar mai goge. Namiji kaɗai ke yi, mace yake kira. Fari da yawa kuma cinyar baya suke gogawa jikin fiffike.

Manomi ya fi damuwa da masu gajeren ƙaho, amma gyare ma ba a rasa ɓarnarsa. Akwai babban gyare mai gina rami cikin rairayi, sunan gidansu Brachytrupes. Da dare yake fitowa, ya yanke ƙaramar shuka, ya ja ta cikin rami. Masu garka a bakin kogin Isa kuma sun san wani mai ƙafafun gaba kamar hauya, wanda ke bin ƙarƙashin ƙasa mai laima yana yanke saiwa.

Wanda ya gagari masana: gyare-fara

Akwai wani dangi cikin masu dogon ƙaho da ba ya cikin buhunan Katako. Amma labarinsa yana nuna yadda aikin rarrabewa yake da wuya, ko ga masana.

A shekarar 1831 wani Bafaranshe mai suna Sarbil ya duba wasu ƙwari da aka kawo masa daga ƙasashe masu zafi. Ya ga ƙahonsu dogo ne kamar na gyare, har ya ninka jikinsu. Amma ba su yi daidai da gyare ba, ba su kuma yi daidai da fara ba. Sai ya haɗa sunaye biyu, na gyare da na fara, ya kira gidansu Gryllacris. Da Hausa sai mu ce gyare-fara. Daga wannan gida ne dangin duka ya samo suna, Gryllacrididae. An san iri fiye da 600 cikinsa. Sun fi yawa a Ostireliya da kudancin Asiya, akwai su kuma cikin dazuzzukan Afirka da Amurka.

Me ya raba su da gyarenmu? Da farko, ba su da kunne a ƙafar gaba. Ba su kuma yin kukan dare da fiffike. Sai an kama su ko an tsorata su suke yin ƙara. Akwai ƴan ƙananan haƙora jere a gefen cikinsu. Sai su goga cinyar baya a kai, ka ji karr, karr, kamar ana gurza ƙarfe da magagari. Gargaɗi ne. Wanda bai ji ba zai sha cizo, don muƙamuƙinsu da ƙarfi, kuma da yawansu suna farautar wasu ƙwari.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Gyare-fara maɗinki ne. Yana fitar da zare daga bakinsa, kamar na gizo-gizo. Ya naɗe ganye, ya ɗinke bakin da zaren, ya shige ciki ya wuni. A busassun ƙasashen Ostireliya wasu rami suke ginawa, su yi wa bangon rami shafe da zaren don kada rairayi ya rufta. Da dare ya fita kiwo. Kafin gari ya waye ya komo ɗakinsa, ba ya kuskure ya shiga na wani, don ya san warin nasa.

To, ina za a sa irin wannan? Shekara ɗari ana ta zuba duk wanda aka samu cikin gidan Gryllacris, har gidan ya cika ya batse. A 1937 wani masani ɗan ƙasar Otirish, mai suna Karni, ya zauna ya dudduba su ɗaya-ɗaya: jijiyoyin fiffike, ƙayoyin ƙafa, ƙarshen ciki na mace da na namiji. Ya raba su gidaje da yawa. Wasu na Afirka ya yi musu gida mai suna Afrogryllacris. Wasu ya sa su cikin Glomeremus. A da kuma an cusa wasu ƙwarin kogon dutse da na ƙarƙashin ƙasa cikin wannan dangi, daga baya aka ga ba jini ɗaya ba ne, aka fitar da su. Ko a shekarar 2019 wani masani ɗan Kolombiya ya sake tsara gidajen. Aikin bai ƙare ba. Yanzu ba ido kaɗai ake dogara da shi ba, ana auna ƙwayoyin gado da ke cikin naman ƙwaro don a gane wa ya haɗa kaka da wa.

Wani zai ce, wannan ai aikin marasa aiki ne. A'a. Ga misali. A tsibirin Reyuniyon, gabas da Madagaskar, akwai wani fure na daji da ba a san abin da ke ɗaukar garinsa daga wannan fure zuwa wancan ba. In ba a ɗauki garin ba, fure ba ya yin iri. Masu bincike suka kafa na'urar ɗaukar hoto da dare. Sai ga wani ɗan gyare-fara marar fiffike ya hau, ya cusa kai yana shan ruwan zaƙi, ya fito da garin manne a kansa, ya wuce fure na gaba. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan ƙwaro. A 2010 aka raɗa masa suna Glomeremus orchidophilus. Ƙabilar da aka sani da cin shuka, ga ɗanta yana yi wa shuka aikin ƙudan zuma. Da an yi masa feshi don yana kama da fara, da furen ya yi asara.

Kuskuren da ya ci gonaki

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Haka ne. Amma a sha'anin fara an taɓa yin kuskure ta ɗaya gefen: abu ɗaya aka ɗauka biyu ne.

Tun zamanin da, mutane na tambaya: daga ina rundunar fara ke fitowa? Shekaru su wuce ba a ga ko ɗaya ba, rana ɗaya sai sama ta yi duhu. Masana sun san wata fara mai zaman kaɗaici cikin ciyawa, ba ruwanta da kowa. Sun kuma san wata mai tafiya cikin runduna. Launinsu dabam, halinsu dabam, har siffar ƙeyarsu dabam. Sai aka ba kowace nata suna. A 1921 wani masani ɗan Rasha mai aiki a Landan, Boris Ubarob, ya nuna cewa su biyun iri ɗaya ne. Ƴaƴan mai kaɗaici, in suka taso cikin cunkoso, sai su rikiɗa su zama ƴan runduna. Abin da ya gano a kan wannan fara ya tabbata a kan farar ɗango ma.

Sunan farar ɗango wurin masana Schistocerca gregaria. Kalmar ta biyu tana nufin mai tafiya cikin garke. A shekarun lafiya tana zaune ɗaya-ɗaya cikin hamada. A ƙasarmu, Abzin da Tamesna su ne manyan wuraren da take hayayyafa da damana. Launinta kamar ƙasa, ƴaƴanta kore, da dare take tashi. In ruwa ya sauka da yawa a hamada, ciyawa ta fito, sai ta yi ta haihuwa. Mace tana zuba ƙwai cikin rairayi mai laima, zurfin santimita 10 zuwa 15. Da zafi, cikin kamar mako biyu sun ƙyanƙyashe. Ƴaƴan ba su da fiffike. Sukan yi saɓa sau biyar, cikin kwana 30 zuwa 40, kafin su yi fiffike.

Da ciyawa ta soma bushewa, sai duka su taru a ƴan wuraren da suka rage kore. Nan ne abin ke lalacewa. In cinyoyinsu suka yi ta gogar juna na ƴan awoyi, halinsu ya sake. Maimakon gudun juna sai neman juna. Ƴaƴan su koma baƙi da rawaya, su riƙa tafiya a ƙasa tare, fuska ɗaya, kamar sojoji. In sun yi fiffike su fito ja-ja. In sun isa haihuwa su koma rawaya. Yanzu kuma da rana suke tashi.

Nauyin fara guda kamar giram 2 ne, kuma kowace rana tana cin abin da ya kai nauyinta. Kaɗan ne. Amma rundunar da ta rufe fili mai kilomita ɗaya tsawo, kilomita ɗaya faɗi, tana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye. A wuni ɗaya tana cin abin da zai ciyar da mutum dubu 35. In iska ta taimake ta, tana yin kilomita 150 a rana.

Ƙasarmu ta sha wannan. A 1931 yunwa mai tsanani ta faɗa wa yammacin Nijar bayan fara ta cinye amfanin gona. Mutane da yawa suka mutu, garuruwa suka watse. Zabarmawa suna kiran wannan lokaci shekarar fara. Farar ɗango ta sake zuwa a 1987 da 1988. Ta komo a 2004, daga arewacin Afirka, ta haɗu da ɗaukewar ruwa da wuri. Kowa ya tuna wahalar abinci ta 2005.

Amfanin abin da Ubarob ya gano shi ne wannan: tun da mai kaɗaici ita ce uwar runduna, ba sai an jira runduna ba. Sai a je can hamada a tare ta tun tana ƙarama. A 2007 gwamnati ta kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da farar ɗango, CNLA, mai babban sansani a Agadas. Ma'aikatanta suna shiga Abzin da Tamesna suna duba inda ruwa ya sauka da inda fara ke taruwa. Makiyaya da matafiya su ne idonsu na farko.

Farin gida

Farar ɗango baƙuwa ce, takan yi shekaru ba ta zo ba. Waɗanda ke cin hatsinmu kusan kowace damana ƴan gida ne. Cikin gonakinmu da saurukanmu suke kwana.

Babbar mai laifi ƙarama ce. Sunanta Oedaleus senegalensis, wato ta Senegal, don can aka fara rubuta ta a 1877, amma duk Sahel gidanta ne. Ga alamarta: a ƙeyarta akwai zane kamar harafin X. In an buɗe fiffikenta na ciki, gindinsa rawaya-rawaya ne, da baƙin layi lanƙwasasshe. Ƙwanta yana kwance cikin ƙasa duk rani, ba ya mutuwa. Da ruwan shuka ya sauka ya ƙyanƙyashe. Ƴaƴan su faɗa wa hatsi tun yana ganye biyu, manomi ya sake shuka, wani lokaci har sau uku. Cikin damana ɗaya takan yi haihuwa uku. Tana bin ruwa ta yi arewa, wajen makiyaya. Da ciyawar can ta bushe, iska ta juya, sai ta komo kudu da dare, daidai lokacin tumu, tsaba na da ruwa-ruwa. Nan take ɓarnarta mai zafi. Ta yi wa Sahel mugun ta'adi a 1974 da 1975, da kuma 1985 da 1986.

Akwai Kraussaria angulifera, babba, mai kauri. Ita sau ɗaya take haihuwa a shekara. Tana son zuba ƙwai a gindin ƙananan itatuwa, cikin inuwa. Ƴaƴan suna girma cikin saura da bakin gona, sannan su shigo su hau zangarniya. Wanda ya san haka, bakin gona zai riƙa dubawa tun da wuri, ba tsakiya ba.

Akwai farar itace, Anacridium melanorhodon, doguwa, mai launin toka da duhu. Bisa bagaruwa da ɗakwara da aduwa da magarya take zama, da magariba take tashi cikin taro. Sau da yawa mutane sun gan ta sun ce farin ɗango sun zo, gari ya ruɗe. Ba ita ba ce. Ganyen itace ta fi so, masu ƙaro da masu itatuwan marmari ta fi cuta. Masu shinkafa da masu fadama kuma suna da tasu, Hieroglyphus daganensis, kore-kore, mai baƙaƙen zane a gefen wuya.

Sai Ornithacris, ƙatuwa, mai tashi kamar tsuntsu. Ita ba ƙwai take bari ba, da ranta take ƙetare rani, shi ya sa ake samun ta da ɗari bayan sauran sun mutu. Tana cikin manyan da ake kawowa kasuwa.

Farar tumfafiya kowa ya san ba a cin ta. Masana ma sun ware ta, ba dangi ɗaya suka sa ta da waɗanda muka ambata ba. Ku dubi kanta, mai tsini ne. Tana cin tumfafiya, ta ajiye dafin cikin jikinta, in an kama ta ta fesa wani ruwa mai wari. Launinta mai haske sanarwa ce ga tsuntsu: kada ka taɓa. Danginsu ɗaya da fara mai zane kala-kala da ke addabar rogo da garka a ƙasashe masu laima kamar wajen Gaya.

Magani ma ya san dangi

A nan Yamai, ƙetaren kogi, akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974. Cikin ayyukanta akwai horar da malaman kare shuka na ƙasashen Sahel, kuma gane irin fara yana cikin karatunsu.

Kusa da Yamai ɗin ne aka tsinci wata matacciyar Ornithacris da funfuna ta kashe. Masu bincike na wani shiri mai suna LUBILOSA, da aka soma a 1989, suka raini wannan funfuna, suka gauraya ta da mai, suka yi maganin feshi. An gwada shi wajen Maine-Sorowa cikin shekarun 1990, aka sa masa suna Green Muscle. Funfunar tana huda jikin fara ta tsiro a ciki. Ba ta da sauri, sai mako ɗaya zuwa uku fara ke mutuwa, shi ya sa an fi amfani da ita a kan ƴaƴa. Amma masu gajeren ƙaho take kamawa. Ba ta taɓa mutum, ba ta taɓa bisashe, ba ta kashe shamuwa da balbela da zabi, waɗanda su ma masu cin fara ne.

Maganin guba ba haka yake ba. Bai san dangi ba, kowa nasa ne. Yana kashe fara nan take, yana kashe ƙudan zuma, yana kashe ƙwarin da ke taimakon manomi. Ko hangara da muke zagi don tana cin furen hatsi tana ƙona fata, ƴaƴanta cikin ƙasa ƙwan fara suke ci. Don haka ba kowace fara aka gani ake ɗauko magani ba. Sai an san irinta, an san yawanta.

Nan mata masu kamun fara su saurara da kyau. Fara abinci ce mai gina jiki, kuma kuɗinta yana rufa asirin gidaje da yawa da rani. Amma farar da aka yi wa feshin guba, guba ce. Tafasa ba ta wanke ta, suya ba ta wanke ta. Kada a kama fara a gonar da aka fesa, ko kusa da ita. Kada a tsinci matacciya ko mai layi kamar ta sha giya. In buhu yana warin magani ko kananzir, kada a saya, kada a sayar, kada a ba kaji. Buhun da aka cika a ƙauye, yaran Yamai ne za su ci shi a bakin lakwal. Wanda ya ci fara ya ji ciwon kai, amai, zufa da dalalar miyau, a kai shi likita nan da nan, a kuma faɗi abin da ya ci. Brigadiye na gari, in ya yi feshi, wajibinsa ne ya sanar da mai gari, a yi shela mata su ji.

In fara ta sauka

Kada a aika a ce "fara ta zo" kawai. Malamin gona ba zai san abin da zai ɗauko ba. A kama biyar ko goma, manya da ƙanana. A sa su cikin kwalin ashana ko a naɗe cikin takarda. Kada a sa cikin leda, ruɓewa za su yi kafin su isa. Mai salula ya ɗauki hoto biyu, ɗaya ta gefe, ɗaya da fiffike a buɗe. In ja-ja ce ko rawaya, ko an ga ƴaƴa baƙi da rawaya suna tafiya tare fuska ɗaya, wannan ba ta kwana. A kai labari ran nan, ko da dare ne. In an ga inda suka sauka suna cusa ciki cikin ƙasa, a kafa sanda a wurin, don nan ƴaƴan za su fito.

Ku da kuka iya rubutu, ku ne za ku rubuta wa gari takardar. Ba ta da tsawo. Ga yadda za ta kasance:

"Zuwa ga malamin gona. Daga garin kaza, ran kaza ga watan kaza. Mun ga fara a gonakin gabas da gari, tafiyar rabin awa. Ƙahonta gajere ne. Ba ta yi fiffike ba tukuna. Launinta kore da ƙasa-ƙasa, akwai zanen X a ƙeya. In mutum ya yi taki goma, kamar ashirin ke tashi. Hatsi take ci, yana ganye huɗu. An yi ruwa kwana goma sha biyu da suka wuce. Ba mu yi feshi ba. Ga guda goma cikin kwalin ashana."